Kawu Famfo da Ciyawar Malama

Duk gidan da ka shiga a layinmu ka murɗa famfo, ruwa ya zo salin-alin bai fesa maka a fuska ba, to ka tabbata hannun kawuna ya bi ta wurin. Ƙanin mahaifiyata ne. Mu yara muka laƙaba masa Kawu Famfo, sunan ya bi shi har manya suka ƙwace mana. Na taɓa jin wani dattijo mai furfura, wanda a shekaru ya haife shi ma, ya tsaya a ƙofar gida yana cewa, "Kawu Famfo na ciki kuwa?"

Gajere ne, kakkaura, ga tafin hannu kamar na mai fasa dutse. Yana da wata tsohuwar jakar fata da sufana ke leƙowa ta bakinta, da wani babur da sai an yi masa magana mai daɗi yake tashi. In bango na tsatsafo, kawu ba ya gaggawar fasawa. Sai ya ɗora kunne a jiki, ya lumshe ido, ya riƙa matsawa da kaɗan-kaɗan kamar mai sauraron gulmar maƙwabta. Ba ya da yawan magana, amma yana da fara'a, kuma ban taɓa jin ya yi aiki an kira wani ya sake ba.

To, amma akwai abin da bawan Allahn nan ya riƙa ɓoyewa tun yana ɗan firamare. Ni ma sai bayan abin da zan ba ku labari na sani. Kawu ba ya bambance ja da kore. Ruwan ƙasa ma da su yake haɗa shi. Duk a idonsa 'yan ɗaki ɗaya ne, sai dai wani ya ɗan fi wani duhu.

Yadda ya gane haka ba daɗin ji. Malamin zane ya ce kowa ya zana bishiya. Kawu ya zage ya zana tasa, ya cika ta da ganye, ya miƙa yana jiran yabo. Malamin ya ɗaga takardar sama, ya zagaya da ita benci-benci yana tambaya, "Jama'a, a wace duniya ake samun bishiya mai jan ganye da koren gindi?" Aji ya kece da dariya. Yaron bai ma fahimci abin da ake yi wa dariyar ba, shi dai bishiya yake gani kamar ta kowa. Tun daga ranar ya ƙudurta a ransa cewa sunan launi ba zai sake fita daga bakinsa ba.

Da ya tasa, kakanmu ya kai shi koyon gyaran wuta. Bai daɗe ba maigidan nasa, yana saman tsani, ya ce, "Miƙo min jar wayar nan." Kawu ya tsaya a kan wayoyi ya rasa wadda zai ɗauka. Washegari ya ƙi komawa. A gida ya ce tsoron jan lantarki yake yi. Aka yi ta yi masa tsiya, mahaifiyata ma har girmansu in sun haɗu sai ta ce, "Ga jarumin da soket ya kora." Ya gwammace a kira shi matsoraci. Daga nan ya koma aikin famfo, ya samu natsuwa, don ruwa ba ya tambayar kowa launi. Na zafi da na sanyi kuwa hannu ke faɗa.

Sauran rayuwa sai ya bi ta da dabara. A shago ba ya cewa a ba shi kaza mai launi kaza, nunawa yake yi da yatsa: "Wancan." A danja ya san fitilar sama ta tsayawa ce, ta ƙasa ta tafiya. Tumatir latsawa yake yi. In mace ta yi sabon ɗinki ta ce, "Kawu, ya ka gani?" sai ya ce, "Kai, wannan ya zauna." Haka ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da wasu, furfura ta fito, yana ganin asirinsa a rufe yake ruf.

A cikin gidajen da yake wa aiki akwai na wata tsohuwar shugabar makaranta da kowa ke kira Malama. Doguwa ce, mai tabarau a kan hanci, irin matan da in suka kalle ka sai ka ji kana gyara wuyan riga. Mijinta ya rasu da 'yan shekaru. Bayan ya yi ritaya, shi da kansa ya durƙusa a gaban gidan ya dasa filin ciyawa, tsiro bayan tsiro, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Kafin dashen, kawu ne ya binne bututun ƙasa, ya jera 'yan feshi a gefe-gefen filin, waɗanda kan leƙo su yi ta juyawa suna watsa ruwa. Tun da marigayin ya kwanta dama Malama ta kafa doka: ba mai taka ciyawar nan. Ko jikokinta, in ƙwallo ta faɗa ciki, da doguwar sanda ake jawo ta. Akwai daɓen siminti da ya zagaye filin, nan ne iyakar kowa.

Tsohon agogon da ke sakin ruwan ya mutu daidai lokacin da aka sa wa Malama ranar aikin gwiwa a garin da 'yarta ke aure. Tafiya ce ta watanni, ga zafi ya kunno kai. Sai ɗanta ya aiko da sabon akwatin ban ruwa, fari, bai fi faranti girma ba. Shi wannan da intanet ɗin gida yake haɗuwa, yana sakin ruwa da kansa, yana duba hasashen yanayi, in ya ga za a yi ruwan sama ya hutar da kansa. Daga salula ake ba shi umarni.

Ranar sa shi, Malama ta sa aka ajiye mata kujera a bakin gareji, ta ɗora ƙafar mai ciwo a kan bokiti, ta buɗe takardar da ta zo cikin kwalin.

"Mai famfo, sun ce kafin ka cire tsohon, ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke."

Ina! Kawu ya riga ya gama. Shi a aikinsa, in ya zo gyara, warware komai yake yi ya zube a ƙasa sannan ya fara haɗawa daga tushe. Tsohon agogon na kan siminti, wayoyi sun fito daga bango sun yi cirko-cirko kamar gashin wanda ya tashi daga barci. Farar waya ɗaya kawai ya gane. Sauran huɗun, kowace tana tafiya wurin bawul ɗin da ke buɗe wa ɓangare ɗaya na lambun ruwa: filin ciyawa, furanni, bishiyoyin baya, da shingen bakin ƙofa.

"To, ba komai," in ji Malama. "Na tuna marigayi ya sha cewa jar ce ta ciyawa. Sa jar a lamba ɗaya."

Kawu ya kalli wayoyin, suka kalle shi. Ya ɗauki sukundireba ya ajiye. Can dabara ta zo masa.

"Malama, ni fa ban cika yarda da abin da aka ce ba. Mai wutar da ya ja su zai iya sauyawa a hanya. Bari in gwada su ɗaya-ɗaya in ga inda ruwa zai fito."

Haka ya yi. Ya ɗaura waya guda, ya kunna, ya fita da sauri ya leƙa. Furanni. Ya dawo ya naɗa mata salatif, ya rubuta lamba. Ya ɗaura ta gaba, ya sake fita. Ya yi ta safa da marwa tsakanin gareji da lambu har rigarsa ta jiƙe, rabi gumi rabi feshi. Da 'yan feshin filin suka leƙo suka fara juyawa, Malama ta tafa hannu sau ɗaya, abin da ba ta saba ba.

"Ka ga aiki! Da ɗalibaina haka suke bin diddigin abu, da ban yi hawan jini ba."

Kawu ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai yana tattara kayan aiki. Ya ce min da zagi ta yi masa da ya fi sauƙin haɗiya.

Da aka zo batun salula, Malama ta ce ita ba ta son abin da zai riƙa yi mata ƙara tana gadon asibiti, a sa a ta mai famfo. Ɗanta ya bugo, ya yi ta bayani, kawu na dannawa, har manhajar ta zauna. Kuma ta zo masa da sauƙi, don komai a rubuce yake: lamba ɗaya, ciyawa, yana aiki, lamba biyu, furanni, yana aiki. Aka saita ruwan ya riƙa zuwa da sassafe kafin rana ta fito. Ranar tafiya Malama ta ciro makullin ƙaramar ƙofa daga jakarta ta damƙa masa.

"Ban taɓa ba wa wanda ba jinina ba makullin gidan nan. Ka riƙa leƙowa. Mai yankan ciyawa ma na ce kada ya zo sai na dawo, ban yarda da shi ba in ba na tsaye a kansa."

Da farko komai ya tafi daidai. In ya taso daga aiki da yamma sai ya biya, ya zagaya ta kan daɓe hannu a baya, ya duba salula, ya kulle ya tafi gida.

Wata rana yana kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanken wasu mutane, salular ta yi ƙara. Saƙo ne cewa akwatin na son a sabunta shi. Ya kira ɗan Malama.

"Baba, ba wani abu ba ne. Danna kawai. Gyare-gyare suke turowa lokaci-lokaci, kamar dai a yi wa mota juyen mai."

Duk da haka kawu bai danna a nan ba, sai da ya je ya tsaya gaban akwatin, wai ko wani abu zai taso. Ya danna. Wata 'yar fitila ta yi ta ƙiftawa, akwatin ya mutu, ya farfaɗo, salula ta ce an gama. Ya buɗe manhajar.

Rubutun nan duk ya tafi. An yi mata sabuwar fuska mai kyau, an zana lambu, an jera ɗigo huɗu manya-manya, kowane da lambarsa a ƙasa. Ba "yana aiki", ba komai. Ɗigo kawai.

Kada ku ce bai gane ba. Ya gane sarai. Mutumin da ya yi shekaru yana kauce wa launi ya fi kowa sanin inda aka ɗana shi. Ya san ɗigon nan magana suke yi, ya kuma san da yaren da ba ya ji suke yin ta. Ya karkata salular, ya fita rana, ya koma inuwa, ya kanne ido ɗaya. Na farkon kamar ya ɗan fi duhu. Ko kuwa yatsansa ne ya bar maiƙo a gilashin? Ya goge da gefen riga. Yana nan dai kamar ya fi duhu, kamar kuma bai fi ba.

Abin da ya faru shi ne, sabuntawar ta dakatar da duk ɓangaren da ke shan ruwa da yawa, tana jiran a tabbatar mata da lokacinsa. Ta mayar da ɗigonsa ja. Sauran ukun kore ne. Taɓawa ɗaya ake bukata.

Da ya koma gida ya tarar da autarsa, wadda ke karatun jinya, tana guga a falo. Ya zauna kusa da ita, ya ciro salular, ya miƙa.

"Auta, ɗan duba min nan."

"Me zan duba, Baba?"

Tambayar da yake son yi ba ta fi kalma huɗu ba: wane launi ne wannan? Ta zo masa har bakin leɓe. Sai ya ga takardar nan a sama ana zagayawa da ita benci-benci.

"Cajin nan... ya isa, ko in sa?"

"Haba Baba, ga shi nan a cike. Tabarau fa ya kama ka, kana ta gudu."

Ya yi dariya, ya mayar aljihu.

Daga nan sai ya shiga lallashin kansa. Washegari ya tura yatsa a gindin furanni, da danshi. Ramin bishiyoyin baya, da danshi. Shinge, da danshi. To in uku na sha, me zai hana na huɗu? Ya tsaya a kan daɓe ya ƙare wa filin kallo. Ciyawa dai ga ta nan kamar kullum. Ya lura ta ɗan kwanta, ya ce ai don ba a yanka ba ne. Zuwa da sassafe ya gani da idonsa kuwa, ya yi niyya ya fi a ƙirga, amma kullum sai wani ya bugo bututu ya fashe, shi kuma, in za a faɗi gaskiya, ba ya son ya je ya tarar da abin da yake tsoro.

Malama kan bugo daga gadon jinya. Muryarta ta yi laushi amma tambayarta ba ta yi ba.

"Mai famfo, yaya ciyawata?"

"Lafiya lau, Malama. Yaya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Ban tambaye ka lafiyarta ba, ba mutum ba ce. Kore ce?"

Yana tsaye a kan daɓen, filin na gabansa.

"Kore shar, Malama."

Rabon da sunan launi ya fita daga bakinsa tun yana sa gajeren wando. Da ya faɗa sau ɗaya kuma sai ya zama dole ya ci gaba. Duk bugowa sai ta tambaya, duk tambaya sai ya maimaita. Ta ce masa wannan maganar ce ke sa ta iya cin abinci.

Wadda ta fasa ƙwan maƙwabciya ce, wata mata mai baki da ke shanya a barandar bene. Wata yamma kawu na zagayensa hannu a baya, sai ya ji daga sama:

"Sannu da aiki, injiniya! Nan ma zagayen ne? Ni ina ta kallonka, na ce ko ta'aziyya kake zuwa yi wa ciyawar."

Kawu ya ɗaga kai yana dariya. "Wace irin ta'aziyya kuma, Hajiya?"

"Au, tambayata ma kake yi? Ciyawa ta ƙone ƙurmus kamar tabarmar da aka manta a rana, kai kana zagaya ta kamar mai duba amarya. Na ce wa maigidana, ko dai matar nan ta ce a bar ta ta mutu ne za ta zuba siminti?"

Ta girgiza zanin da ke hannunta ta shige ciki.

Kawu ya juya ya kalli filin. Sannan ya cire takalmansa, ya jera su a kan daɓe, ya sa ƙafa a filin da rabonsa da takawa tun ana binne bututu. Ƙaras. Ya sake taku. Ƙaras. Tana sukar tafin ƙafarsa kamar ƙaiƙayi. Ya durƙusa ya damƙi cikin hannu, ta taho masa gaba ɗaya har da saiwa, ba ta ko yi gardama ba. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta tsage.

Ya ruga ya buɗe ramin bawul ya murɗa da hannu. 'Yan feshi suka leƙo suna tari, suka fara juyawa. Ya zauna a tsakiyar filin ruwan na dukansa, bai matsa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ya ajiye duk wani aiki. Safe da yamma yana can yana ba ta ruwa da hannu. Gefe-gefe, inda inuwar katanga ke kaiwa, ya ji ta fara laushi. Tsakiya kuwa ta riga ta tafi. A gida ya daina cin abincin kirki. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta tambaye shi, ya ce ciki ne. Da Malama ta bugo ya ƙi ɗauka, karo na farko a rayuwarsa.

Ranar da ta dawo, yana tsaye a bakin gareji tun kafin motar ta iso. Ɗanta ya fito da ita, tana dafe da sandar ƙarfe. Ta yi taku kaɗan a kan daɓen ta tsaya. Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ci gaba da kallo.

Ɗan ne ya fara magana, cikin fushi. "Wannan akwatin banza ne! Wallahi sai na mayar musu da kayansu. Baba, tun sabuntawar nan ne, ko? Kawo salular in gani."

Ga ƙofa a buɗe, kawu na iya ɗora wa akwatin laifin ya fita. Sai dai yaron na buɗe manhajar fushinsa ya sauya wuri.

"Baba, ga shi nan ai. Lamba ɗaya ja ne. Ga tarihin ma, tun ranar da aka sabunta yake ja, yana jira a taɓa shi. Wannan ko daga bakin titi mutum zai hango. Ba ka buɗewa ne?"

"Ina buɗewa."

"Kullum?"

"Kullum."

"To ya aka yi..."

Malama ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ba ta juyo ba, filin take kallo.

"Na'ura takan yi kuskure, mutum yakan yi sakaci. Duk wannan na sani, na yi aiki da mutane. Abin da nake son ka gaya min guda ne, mai famfo. Ina kwance an tsaga min ƙafa, na tambaye ka, ka ce kore shar. Ba sau ɗaya ba. A ina kake tsaye lokacin da kake faɗa?"

"A nan, Malama. Inda kike."

"Kana kallonta?"

"Ina kallonta."

Sai a sannan ta juyo. Kawu ya ce irin kallon da ta yi masa ba na fushi ba ne, na wanda ke cire sunan mutum daga wani wuri ne a zuciyarsa. Ya ga cewa abu biyu ne a gabansa: ko ya tafi a matsayin wanda ya kalli tsohuwa mara lafiya ya yi ta gilla mata ƙarya, ko ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa mahaifiyar da ta haife shi ba. Ya cire hularsa yana murzawa.

"Malama, ni... ba na ganinsu. Ja da kore. Duk ɗaya ne a wurina. Tun ina yaro. Yanzu haka da nake kallonta, da yadda take ranar da kika tafi, ban ga bambanci ba. Sai da na taka."



"Ranar wayoyin nan," in ji Malama a hankali. "Da na ce ka sa jar."

"E."

"Na yi ta yabonka."

"E, Malama."

Ɗan ya sosa ƙeya, ya sunkuya kan salular ya ɗan latsa wasu wurare, sannan ya miƙo masa ba tare da ya haɗa ido da shi ba. "Akwai wurin da ake mayar da rubutun, Baba. Saboda masu irin wannan aka yi shi. Ga shi." Kawu ya karɓa. Rubutu ya dawo ƙarƙashin kowane ɗigo, baƙi a kan fari. Abin bai ɗauki yaron tsawon kurɓar shayi ba.

Malama ta nemi kujera ta zauna.

"Idonka ba laifinka ba ne, ba kai ka yi wa kanka ba. Da ka gaya min ranar nan a gareji, da ni zan riƙa karanto maka kana ɗaurawa, mu gama mu sha ruwa. Amma ka san ba ka gani, ka ce min ka gani. Marigayi ya yi wata da watanni a durƙushe a wurin nan."

Kawu ya sunkuyar da kai yana murza hular.

"Za ka tone ta, ka sake dasawa. Kai za ka yi, ba wani ba." Ta miƙo tafin hannu. "Makullin kuma ka ba ni. In ka zo ka ƙwanƙwasa, ina nan."

Ya zaro shi daga cikin na babur. Zoben ya yi tauri, farcensa ya yi ta zamewa, su biyun suna jira.

Bai hau babur ɗin ba, turo shi ya yi har gida. Ya tarar da Inna a ɗaki tana ninke wanki a kan gado. Ya zauna a bakin gadon ya ba ta baya, don ba zai iya faɗa yana kallonta ba. Ya kwashe komai ya gaya mata, tun daga bishiyar firamare har makullin. Yana yi tana ninkewa. Da ya kai aya ta ɗora riga a kan 'yan uwanta ta daddanna.

"Na sani, Malam."

Ya juyo. "Kin san me? Wa ya gaya miki? Matar benen nan ce?"

"Ba zancen ciyawa ba. Zancen idon."

"Tun yaushe?"

"Tun muna sabon aure. Ka tambaye ni launin da nake so a yi wa ɗakin nan, na ce kore mai haske. Ka fita da rawar jiki, ka dawo da gwangwani, ka kore ni gidan maƙwabta wai kada in gani sai ka gama."

Kawu ya ɗaga kai ya kalli bangon. Bangon da duk bayan 'yan shekaru yakan ɗauki murfin tsohon gwangwani ya kai shago ya ce a ba shi irinsa sak.

"Wannan ɗin... ba kore ba ne?"

"Ruwan hoda ne."

Ya sake kallon bangon. "Duk shekarun nan a ɗakin ruwan hoda nake kwana?"

"Da ni da kai."

"Me ya hana ki faɗa, baiwar Allah?"

"Ka fito da fenti har a gira, kana ta washe baki, kana cewa in shigo in ga abin da na ce ina so. In ce maka me?" Ta ɗauki wani wando ta karkaɗe. "Ban gaya wa kowa ba. Kai ma ban gaya maka ba. Na ga abin da kake ta riƙo ke nan da hannu biyu, na ce to bari in kama maka gefe."

Kawu ya ce min kunyar gidan Malama wasa ce a kan wannan. Ya rufe fuska da hula ya zauna a haka, ita kuma ta ci gaba da ninki, ba ta lallashe shi ba, ba ta kuma fita ta bar shi ba.

Can ya ce ta cikin hular, "Gobe zan sayo koren. Ki raka ni ki zaɓa."

"Ka bar min bangona, na saba da shi. In rakiya kake so, wurin masu sayar da dashen ciyawa zan raka ka. Yadda ka yi laushin nan, busasshiya za su haɗa ka da ita ka dawo kana godiya."

Washegari da hantsi na gan su sun wuce ta ƙofar gidanmu a kan babur, buhunan dashe biyu a ɗaure a baya, Inna ta rungume na uku a cinya. Mahaifiyata ta leƙo ta ɗaga murya, "Ina zuwa haka, jarumi, har da 'yar rakiya?" Bai tsaya ba. Ya ɗaga mata hannu kawai, kansa a ƙasa, suka sha kwana zuwa gidan Malama.